Dokin sukuwa bayan ya bar fili: yadda ake sayar da shi domin sabon hawa a Tamale

Dokin sukuwa ba ya daɗewa yana cin tsere. Yawanci shekara uku zuwa biyar yake yi yana tashe, sannan ƙanana su taso su wuce shi, ko jijiyar ƙafa ta ci amanarsa. Amma doki dabba ce mai tsawon rai. Idan ya sami kulawa yakan kai shekara 25, wani har 30. Ke nan ranar da ya daina sukuwa, mafi yawan rayuwarsa tana gaba. Wanda zai ɗauki nauyin waɗannan shekaru, da irin aikin da dokin zai koma, shi ake nufi da sayar da doki domin sabon hawa: a raba shi da filin tsere, a sake masa tarbiyya, a miƙa shi ga mai hawan sarauta, ko ɗan kilisa, ko ɗan wasan folo, ko mai ɗora 'yan yawon buɗe ido.

A Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta Ghana, wannan ciniki yana da nasa salo. Doki a nan kayan sarauta ne da biki. Abin da mai saye yake nema kusan kishiyar abin da aka koya wa dokin tsere ne, kuma daga wannan saɓani ne yawancin rigingimun cinikin suke tasowa.

Yadda doki ya zama kayan fatauci a ƙasar Dagomba

Sarautun Dagomba da Mamprusi da Mosi duk a bayan doki aka kafa su. Labarin da Mosawa suke bayarwa na asalinsu ma labarin doki ne: Yennenga, 'yar sarki daga yankin Gambaga a arewacin Ghana ta yau, ta bar gida a kan ingarma, ta haifi ɗa aka sa masa Wedraogo, wato ingarma. Shi ya sa har yau ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Burkina Faso take amsa sunan ingarmu, babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO kuma take ɗauke da sunan ingarman Yennenga.

Sai dai ƙasar ba ta taɓa wadata kanta da manyan dawaki ba. Ƙudan tsando da cututtukan damina suna rage su, dole a riƙa cikowa daga arewa. Masanin tarihi Robin Law ya yi dogon bayani a kan wannan a littafin da ya fitar a 1980 game da doki a tarihin Afirka ta Yamma: sarakunan da ke kusa da kurmi kullum masu saye ne, mutanen sahel kuma masu sayarwa. Ayarin fataken Hausawa da ke zuwa Gwanja neman goro suna sauka kasuwar Salaga da tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, har da dawaki. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yendi da Kumasi da sauran garuruwa, kuma da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907 sai zangonta ya bunƙasa. Aikin doki a fagen yaƙi kuwa ya riga ya zo ƙarshe tun a Adibo, kusa da Yendi, inda bindigogin Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a 1896. Abin da ya rage wa doki shi ne ado da martaba.

Martabar nan ana ganinta ƙarara a bikin Damba, wanda ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Maulidi. Akwai Somo Damba, akwai Naa Damba, sannan ranar sallama da ake kira Belkusi, inda sarakuna da hakimai suke hawa cikin ado, makaɗan lunga suna biye, 'yan bindiga suna ta harba bindigar gargajiya. A Yendi, fadar Ya Na, mai nisan kimanin kilomita 100 gabas da Tamale, da kuma cikin Tamale kanta, wajen fadar Gulkpe Naa da ta Dakpema, basarake mai doki ba ɗaya yake da wanda ya zo a mota ba, ko da motar ta fi dokin tsada.

Inda dawakin tsere suke fitowa

Filayen sukuwa masu rai suna arewa da Ghana ne da gabashinta. Akwai na Yamai da Maradi da Damagaram, akwai na Bamako da Wagadugu, akwai na Kano da Katsina da sauran biranen arewacin Najeriya. A waɗannan wurare masu dawaki suna raba tsere gwargwadon jini: ɗan ƙasa da ake kira Arewa, ruwa-biyu da ake kira Talon, ɗan Sudan, sai kuma dokin Turai mai tsantsar jinin tsere. Rabe-raben nan yana da amfani ga mai saye a Tamale, domin ɗan ƙasa ya saba da zafi da harawa da turke, shi kuwa mai jinin Turai ya fi tsawo da kyan gani amma ya fi laushin jiki da tsadar ciyarwa.

A cikin Ghana kuwa, cibiyar sukuwa tun zamanin Turawa ita ce Accra, ƙarƙashin ƙungiyar Accra Turf Club. An karɓe tsohon filinta da ke tsakiyar birni, aka gina otal ɗin Kempinski a wurin, wanda aka buɗe a 2015, aka tura masu dawaki Borteyman a bayan gari. Tun daga nan sukuwar Accra ba ta koma yadda take ba. Dokin da ba shi da tsere a kudu aikinsa biyu ne: ko filin folo, wanda kulob ɗinsa a Accra ya haura shekara ɗari, ko bakin teku irin Labadi, inda samari suke ɗora baƙi su zagaya da su a kan rairayi don 'yan sidi kaɗan.

Tamale tana tsakiyar wannan hanya. Daga iyakar Paga zuwa cikinta kimanin kilomita 200 ne, daga ita zuwa Accra kuma kimanin 600. Dokin da ya gangaro daga sahel ta hanyar Burkina nan yake bi, wanda kudu ta gaji da shi kuma nan ne wuri mafi kusa da ake ganin darajarsa. Bahaushen zango, mai ɗan'uwa a Maradi da aboki a Kumasi, shi ya fi dacewa da dillancin irin wannan kaya, kamar yadda kakanninsa suka yi a Salaga.

Abin da aka koya masa, da abin da ake so ya manta

Nan ne gundarin maganar. Dokin tsere an horar da shi a kan abubuwa kaɗan, kuma ya haddace su sarai. Ya san cewa idan aka jera shi da wasu dawaki, gudu za a yi. Ya san hayaniyar jama'a alama ce ta an kusa sakin su. Mahayinsa ɗan ƙaramin mutum ne mara nauyi, sau da yawa yaro matashi, wanda ke tsugune a kan gajeriyar likkafa ba tare da ya zauna daram a bayansa ba. Wanda aka horar a tsarin Turai ma yana da wata ɗabi'a da take ruɗa sabon mahayi: idan aka ja linzami da ƙarfi sai ya jingina bakinsa a kai ya ƙara wuta, domin haka aka saba riƙe shi a cikin tsere. Ba a koya masa tsayuwa cik a hau shi ba, galibi yana tafiya ake cilla mahayi a bayansa.

Yanzu a kwatanta da ranar Belkusi. Basarake babban mutum ne, ga manyan riguna, ga sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya, ga jalala da kayan ado masu nauyi da ƙara. Ana so dokin ya yi taku a hankali cikin cunkoso, laima tana juyawa a kansa, ganga a kunnensa, bindiga tana tashi a gefensa, yara suna kutsawa ƙarƙashin wuyansa. Ana so ya yi rawa idan an taɓa shi, ya tsaya idan an ce ya tsaya. Duk abin da ke gaya wa dokin tsere "ruga" yana wurin, kuma ba a so ya ruga. Dokin da ya ɗauki basarake ya zabura cikin taro ba abin dariya ba ne: ana iya tattake mutane, kuma faɗuwar sarki a bainar jama'a abin kunya ne da ba a mantawa.

Saboda haka sake tarbiyya ba aikin mako biyu ba ne. Masu wannan sana'a a Turai sukan fara da hutu na makonni ko watanni, a rage wa dokin hatsi, a ƙara masa ciyawa, har zafin jikinsa ya sauka. Dabarar ɗaya ce a barga ta gargajiya: a rage dawa da gero, a yawaita harawa da dusa, a bar shi ya saba da turke da sabon mai kula da shi. Daga nan sai ja da ragama a ƙasa, sai ɗora sirdi ba mahayi, sai hawa a wuri shiru. Ganga da bindiga su ne na ƙarshe, kuma daga nesa ake farawa. Linzamin gargajiya mai zobe yana da kaifi ƙwarai. A hannun gwani ɗan motsi kaɗan ya isa, amma idan aka danna shi a bakin dokin da ya saba jingina da linzami, sai a yaga masa dasashi da harshe, ya koma mai tsoron hannu har abada. Wata shida zuwa shekara guda ba su yi yawa ba kafin a shiga taro da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen doki ana saura 'yan kwanaki biki. A lokacin ne kuɗinsa ya fi tsada, a lokacin ne kuma ba sauran damar gyara.

Ba kowane doki ne zai yi hawan sarauta ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Mai saurin juyi da ƙaramin jiki ya fi dacewa da folo. Mai sanyin hali zai yi kilisar yamma ko koya wa yara hawa. Goɗiya mai kyan jini tana da kasuwa wajen masu kiwo, tunda a al'adar yankin ingarma ake hawa a biki.

Duba lafiya kafin a biya

Tsere yana barin tabo, kuma ba duka ido yake gani ba. Wuri na farko da ake dubawa shi ne jijiyar bayan ƙafar gaba, tsakanin gwiwa da idon sawu. Idan ta kumbura ta yi baka, ko tana da zafi a hannu, ta taɓa yagewa. Irin wannan doki yana iya yin taku da kilisa shekaru, amma ba zai jure zamiya ko folo ba. Sai gaɓoɓi da kofato, sai baya, inda ciwon sirdi yake ɓuya a ƙarƙashin jalala. Mai saye ya sa a cire duk kayan ado, ya ga dokin tsirara, ya sa a yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, a tafi a dawo. Ɗingishi ya fi fitowa da sassafe kafin jiki ya yi ɗumi, kuma akwai allurar kashe zafi da take ɓoye shi na yini guda. Don haka gani ɗaya bai isa ba, a dawo washegari ba tare da sanarwa ba.

Shekaru a haƙori ake karanta su. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa bi da bi, na tsakiya a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, baki ya cika a shekara biyar. Bayan haka sai a duba yadda suka side da yadda suka karkata gaba. Dokin da aka ce shekararsa shida amma haƙoransa sun yi tsawo sun miƙe gaba, an rage masa shekaru a baki. Bugun zuciyar doki mai lafiya a huce yana tsakanin 28 da 44 a minti. Akwai kuma gyambon ciki, wanda bincike a ƙasashe da dama ya nuna yana damun mafi yawan dawakin da ke cikin horon tsere, saboda yawan hatsi da ƙarancin ciyawa. Alamarsa rama, da ƙin cin abinci, da fushi idan an ɗaure majayin sirdi.

Sai hatsarin wurin da za a kai shi. Ruwan saman Tamale ya kusa ninka na Yamai, ga ciyayi da fadamu. Dokin sahel da ya sauka nan yana haɗuwa da sammore da ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo suke yaɗawa, da cututtukan kaska, da kuma annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba suke ɗaukowa da magariba da asuba. Wannan ta ƙarshe ba ta da magani sai rigakafi, kuma ta fi kashe dokin waje mai jinin Turai. Da yake Damba tana bin watan Musulunci, tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ta faɗo a watan Satumba, tsakiyar ruwa a Tamale, kuma shekaru masu zuwa ma cikin damina za ta riƙa faɗowa. Ma'ana, wanda ya shigo da doki dab da biki ya shigo da shi a lokacin da ƙwari suka fi yawa.

Ƙetare iyaka da doki yana bukatar takardar shaidar lafiya daga ƙasar da ya fito da izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ghana. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne, su bi ta daji. Annobar murar dawaki da jakuna da ta tashi a arewacin Najeriya a ƙarshen 2018, ta bazu Nijar da Mali da Senegal a 2019 ta kashe dubban jakuna, ta nuna abin da dabba ɗaya mara lafiya take iya jawowa. Killace sabon doki na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa shi da na barga shi ne mafi arhar kariya. Mutanen Tamale ma suna da sa'a, tsohuwar cibiyar lafiyar dabbobi ta Pong-Tamale, mai ɗakin gwaje-gwaje da makarantar horar da malaman dabbobi, tana 'yar tafiya kaɗan arewa da gari a kan hanyar Bolgatanga.

Ciniki, dillali da haƙƙin mai saye

Cinikin doki a wannan yanki har yanzu na baki ne da amana. Dillali ya haɗa mai doki da mai saye, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, ya karɓi la'adarsa. Abin da ya sauya shi ne waya. Yau ana turo bidiyon doki ta WhatsApp daga Maradi ko Kano, a daidaita da sefa ko naira, a biya da sidi ta hannun ɗan canji. Bidiyon kuwa kusan kullum na ranar da dokin ya ci tsere ne. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kofin da doki ya ci shekara uku da suka wuce yana ƙara wa mai shi baki wajen tsuga kuɗi, amma ba ya gaya wa basarake ko dokin zai tsaya idan bindiga ta tashi.

A fikihun Malikiyya, wanda Hausawa da Dagomba Musulmi suke bi, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da dabba idan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Hukuncin a fili yake. Wahalar ita ce zartar da shi idan mai dokin yana wata ƙasa, iyaka biyu tsakani. Shi ya sa masu hankali suke rubuta 'yar takarda gaban shaidu: launin doki da alamominsa, ko akawal ne ko kili ko danda, shekarunsa, dalilin barinsa tsere, raunin da ya taɓa samu, da kwanakin gwaji da aka yarda a mayar da shi idan bai yi ba. Kafin alƙalami a fara bayarwa, cikon kuɗi sai likitan dabbobi ya gani.

Mai sayarwa ma yana da abin tambaya, in dai yana ƙaunar dokin da ya ci masa kofi. Wa zai kula da shi? Akwai rumfa? Doki yana cin kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyin jikinsa a busasshen abinci kowace rana, yana shan ruwa lita 25 zuwa 50, fiye da haka a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan famfo yake wahala a unguwannin Tamale da yawa kuma harawa ta yi tsada. Kuɗin sayen doki sau ɗaya ake biya, na cikinsa kuwa kullum ne. Dokin da ya fi ƙarfin mai shi ba ya daɗewa a hannu, sai a sake sayar da shi ƙasa da kuɗin farko, daga barga zuwa haya, daga haya zuwa hannun mahauta.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara abin

Masu buga PMU a Yamai da Wagadugu, waɗanda kullum suke bin tseren Faransa a takarda, ba kasafai suke jin inda dawakin suke ƙarewa ba. Can ma an daɗe ana rufe ido. A Birtaniya an kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses a 2000 domin sake horar da tsofaffin dawakin tsere da shirya musu gasa ta kansu. Amurka ta kafa Thoroughbred Aftercare Alliance a 2012, mai tantance gidajen da ke karɓar irin waɗannan dawaki tana ba su tallafi daga kuɗin masana'antar tsere. A Faransa ƙungiyar Au-Delà des Pistes ta fara aiki a 2016. Duk da haka, a 2019 gidan talabijin na ABC a Ostireliya ya nuna yadda ake yanka tsofaffin dawakin tsere a mayanka, a watan Yuli na 2021 kuma shirin Panorama na BBC ya ba da rahoton cewa an yanka kimanin 4,000 a Birtaniya da Ireland tun farkon 2019. Bayan wannan fallasa, daga Janairun 2022 hukumar tseren Birtaniya ta wajabta a rubuta a fasfon duk dokin da zai shiga tsere cewa ba za a sayar da namansa ga mutane ba.

Abubuwa biyu daga wannan tsari ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Na farko shaida: kowane doki yana da fasfo da 'yar na'ura da ake sakawa a wuyansa, ta yadda ba za a sauya masa suna ko shekaru ba. Na biyu yarjejeniyar da mai sayarwa yake sa wa hannu tare da mai saye cewa ba za a mayar da dokin tsere ba. Wannan ta biyu ta shafi yankinmu kai tsaye, domin dokin da aka sallama saboda jijiya yakan huta wata uku, kumburi ya sauka, sai wani ya saye shi da arha ya kai shi ƙaramin fili a wani gari inda ba a san tarihinsa ba. Jijiyar da ta taɓa yagewa tana da saurin sake yagewa, kuma karo na biyu ya fi na farko muni. A barga ta zango, inda babu fasfo babu na'ura, sharaɗin yana iya shiga cikin takardar ciniki, dillali da shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya wajen Sarkin Zango.